Gwajin Jini da Ciwon Zuciya: Aikin da Ya Rage a Ƙasar Anka Bayan Dalma

Ƙauyuka kaɗan ne a ƙasar Hausa mutanensu suka san gwajin jini kamar yadda mutanen Sunke, Dareta, Abare, Tungar Daji, Duza da Bagega a ƙasar Anka suka san shi, su da maƙwabtansu na 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Da tsada suka saye wannan sanin. A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar yara na mutuwa da amai da jijjiga, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau amma ba sauƙi. Sai da aka ɗebi jininsu aka tura ɗakin gwaji a Turai sannan aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi a ƙauyuka biyu a wannan shekarar ya nuna ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 5 ya rasu cikin shekara guda. Yaran da aka rasa a yankin sun haura 400. An kankare ƙasar Sunke mai guba tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011, Bagega kuwa sai 2013. Lokacin da MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin Zamfara a watan Fabrairu na 2022, ta riga ta gwada jinin yara fiye da 8,000.

A cikin waɗannan shekarun iyaye mata sun koyi cewa lamba ɗaya a takarda tana yanke hukunci. Idan dalmar da ke jinin yaro ta kai mikirogiram 45 a kowace desilita, a fara ba shi maganin da ke fitar da ita. Ƙaramar na'urar LeadCare II da aka riƙa amfani da ita ba ta iya karanta abin da ya wuce 65, kuma yara da yawa sun zarce iyakarta. Mutane sun ga jini ya faɗi gaskiyar da ido ya kasa gani, sun kuma amince da shi. Wannan amincewar dukiya ce, shi ya sa nake son a yi bayani dalla-dalla kan wani gwajin jini na daban da yankin zai ƙara buƙata nan gaba, wato wanda ake nema da shi a san ko jini ya ragu ko ya yanke wa tsokar zuciya. Aikinsa ya sha bamban da na gwajin dalma, kuma wanda ya karanta shi da irin wancan idon zai iya komawa gida da ajalinsa a ƙirji.

Me ya haɗa Sunke da wannan magana? Dalmar ce dai. Shirin magani ya mayar da hankali kan ƙananan yara, kuma haka ya dace, domin su ne ke mutuwa. Amma mazan da suka fasa dutse, da masu injin niƙa, da matan da suka daka a turmi suka share tsakar gida, duk ƙura ɗaya suka shaƙa. Dalma ba ta daɗewa a jini, cikin wata ɗaya ko ɗan fiye rabinta ya bar shi, sai dai ba waje duka take fita ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin babban mutum a ƙashi take kwance, tana iya yin shekaru gommai tana tsattsafowa cikin jini kaɗan-kaɗan, musamman lokacin goyon ciki da shayarwa da tsufa. Tana tayar da hawan jini, tana lalata ƙoda, tana ɓata shimfiɗar cikin jijiyoyin jini. A 2018 Bruce Lanphear da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya bi manya fiye da 14,000 a Amurka na kusan shekara 20. Sun samu cewa tsakanin mai mikirogiram 1 da mai 6.7, haɗarin mutuwa da ciwon toshewar jijiyoyin zuciya ya ninka kusan sau biyu. A lura da ƙanƙantar lambobin, a kuma tuna da na'urar da ta ƙure a 65. A 2023 wasu masana na Bankin Duniya suka ƙiyasta cewa dalma na da hannu a mutuwar manya miliyan 5.5 ta hanyar cututtukan zuciya da jijiyoyin jini a shekarar 2019 kaɗai. Ba za a ɗauki lissafin Amurka a ɗora wa Zamfara kai tsaye ba, domin abinci da aiki da tsawon rai sun bambanta. Amma inda abin ya dosa a fili yake. Yaron da ke da shekara 4 a 2010 zai cika 40 a 2046, iyayensa kuwa sun riga sun shiga shekarun da zuciya ke fara ƙorafi.

Zuciya tsoka ce da ke bugawa kimanin sau 100,000 a rana. Duk da jinin jiki baki ɗaya ta cikinta yake wucewa, ba daga shi take ci ba, tana da nata jijiyoyin da suka kewaye ta ta waje, biyu manya, ta hagu kuma ta rabu gida biyu. Ko mutum na kwance, tsokar zuciya tana zuƙe kusan kashi 70 cikin 100 na iskar oksijin da ke jinin da ya iso mata. Don haka ba ta da wani tanadi. In aiki ya ƙaru, hanya ɗaya ce, jinin da ke zuwa ya ƙaru. Idan kitse ya taru a bangon jijiya ya ƙuntata ta, sai mutum ya riƙa jin nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji in yana huɗa, ko hawan tudu, ko ɗaukar kaya, in ya zauna mintuna kaɗan ya lafa. Tsokar ta ji yunwa, amma ba ta mutu ba. Wata rana kuma tarin kitsen ya tsage, jini ya daskare a kansa, hanya ta toshe. Keith Reimer da Robert Jennings sun nuna a 1977, a gwajin da suka yi da karnuka, cewa bayan kimanin minti 20 tsokar ke fara mutuwa daga ciki, mutuwar tana faɗaɗa zuwa waje, cikin sa'o'i shida mafi yawan wurin ya tafi. Tsokar zuciyar da ta mutu ba ta farfaɗowa, tabo ne ke maye gurbinta.

Tsakanin waɗannan halaye biyu, yunwa da mutuwa, duk rikicin gwajin jini yake. A ɗauki jaki ɗauke da buhun gero. Komai nauyin da ya sha, komai hakin da yake yi, muddin buhun bai yage ba, mai bin sawu ba zai ga ƙwaya ko ɗaya a kan hanya ba. Gwajin jinin zuciya mai bin sawu ne. Abin da yake nema shi ne sinadaran da ke ƙunshe cikin ƙwayoyin tsokar zuciya, waɗanda ba sa zubowa cikin jini da yawa sai ƙwayoyin sun lalace.

An daɗe ana neman sinadarin da ya dace. A 1954 John LaDue da Felix Wroblewski da Arthur Karmen a birnin New York suka nuna cewa wani sinadari da ake kira AST yana hawa a jinin wanda zuciyarsa ta samu toshewa. Matsalarsa ita ce hanta ma cike take da shi, a ƙasa irin tamu da ciwon hanta ya yi yawa kuwa ba ƙaramin ruɗu zai jawo ba. Aka koma kan CK a shekarun 1960, shi kuma duk tsokar jiki na da shi. Wanda ya wuni yana haƙa a ramin zinare, ko wanda aka yi wa allura a ɗuwawu a kemis kafin ya iso asibiti, za a ga nasa ya hau alhali zuciyarsa lafiya lau. Reshensa da ake kira CK-MB, wanda ya shigo a shekarun 1970, ya fi kusanci da zuciya, ya kuma yi shekaru shi ne abin dogaro, har yanzu ma ana yin sa a wasu ɗakunan gwaji.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne tiroponin. Masanin Japan Setsuro Ebashi ne ya gano shi a shekarun 1960, yana binciken yadda tsoka ke tsukewa da sakewa. Kashi uku ne, C da I da T. Na I da na T da ke cikin zuciya ƙirarsu ta bambanta da na sauran tsokoki, don haka ana iya ƙera gwajin da zai kama su su kaɗai. Hugo Katus, likitan zuciya a Haidalbag ta Jamus, shi ya ƙera gwajin tiroponin T a ƙarshen shekarun 1980. A shekarar 2000 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka sake fasalta ma'anar ciwon toshewar zuciya, suka ɗora tiroponin a kan gaba. Daga baya aka samu sabon samfuri mai tsananin kaifi, wanda Turai ta fara amfani da shi wajen 2010, Amurka kuma ta amince da shi a 2017. Yana auna nanogiram a lita, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. A gwajin tiroponin T na kamfanin Roche, iyakar da aka fi amfani da ita nanogiram 14 ce. Yadda ake samo irin wannan iyaka shi ne a gwada masu lafiya da yawa, a ɗauki matakin da 99 cikin 100 suke ƙasa da shi. Na mata ya fi na maza ƙanƙanta. Akasarin masu lafiyar da aka auna don kafa waɗannan iyakoki ba 'yan Afirka ba ne, kuma wannan aiki ne da nake ganin ya kamata jami'o'inmu na Sakkwato da Kano da Zariya su ɗauka da muhimmanci.

Yanzu ga inda nake son mai karatu ya tsaya da kyau. Tiroponin yana zuwa a makare. Da tsohon samfurin gwajin, sai bayan sa'o'i uku zuwa shida da fara ciwo yake bayyana. Yana kai ƙololuwa wajen kwana ɗaya, sannan ya sauka a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ke nan mutumin da aka yi sa'a aka kawo shi da wuri, sa'a ɗaya da fara ciwon, shi ne gwajin farko zai fi yaudara. Takarda za ta ce babu komai, alhali jijiya a toshe take. A gwajin dalma ɗiba ɗaya ta isa a san inda aka tsaya. A nan ba ta isa ba. Ƙa'ida ita ce a ɗebi jini da isowa, a sake ɗiba bayan wani lokaci, a duba ko lambar ta motsa. Da samfuri mai kaifi tazarar sa'a ɗaya zuwa uku ce, da tsohon samfuri kuwa sai an jira sa'o'i shida ko fiye. Akwai kuma ɗan katin gwaji mai nuna layi ɗaya ko biyu, irin na zazzaɓin cizon sauro. Yana da araha, ba ya buƙatar wutar lantarki, amma sai tiroponin ya taru sosai yake gani. In ya nuna layi biyu, a ɗauki maganarsa da gaske. In ya nuna ɗaya a sa'o'in farko, bai wanke kowa ba.

Sa'an nan mai ciwon ƙirji na wahala, wanda ke zuwa da aiki ya tafi da hutu, yawanci tiroponin ɗinsa daidai yake, ko da jijiyarsa ta ƙuntata ƙwarai. Masana sun yi ta neman sinadarin da zai nuna yunwar tsoka tun kafin ta mutu. Wanda ya fi yin suna shi ne wani sauyi da ke samun albumin na jini idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, wanda David Bar-Or ya bayyana a 2000, hukumar FDA ta Amurka kuma ta ba gwajinsa izini a 2003. An yi murna da shi, amma ya kasa, domin yana hawa a shanyewar ɓarin jiki, da ciwon hanta, da ciwon ƙoda, da duk inda jini ya yi ƙaranci a jiki. Wasu sinadaran ma an gwada, babu wanda ya samu gindin zama a ƙa'idojin aiki. Har yau ba a da gwajin jinin da shi kaɗai zai ce wa mutum jijiyar zuciyarsa ta ƙuntata. Ana gane wannan ne ta labarin da majinyaci ya bayar, da na'urar ECG mai zana tafiyar lantarkin zuciya a takarda, da gwajin da ake sa mutum ya yi tafiya a kan inji ana kallon zuciyarsa, da hoton jijiyoyin kansu. Duk wanda ya ce zai ɗebi jininka ya gaya maka ko hanyoyin zuciyarka a buɗe suke, ya faɗi abin da ilimi bai kai ba tukuna.

Ɗaya gefen kuskuren shi ne a ga tiroponin ya hau a ce shi ke nan, toshewa ce. Tiroponin yana tabbatar da cewa tsokar zuciya ta ji rauni, amma ba ya faɗin wanda ya ji mata. Matsayar da likitocin duniya suka fitar karo na huɗu a 2018 ta raba abubuwan biyu a fili. Kafin a kira abu toshewar zuciya sai lambar ta haura iyaka, ta nuna hawa ko sauka, sannan a samu wata shaidar ƙarancin jini, ko daga alamomin ciwo, ko daga ECG, ko daga hoto. Wannan sharaɗin ya fi nauyi a wurinmu fiye da Turai, saboda toshewar jijiya ba ita ce kan gaba cikin cututtukan zuciya a Arewa ba. Gajiyar zuciya da hawan jini ke jawowa ta fi ta yawa, ga lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, ga kuma gazawar zuciyar masu jego. Wannan ta ƙarshe tun shekarun 1970 masana Davidson da Parry suka yi rubutu a kanta daga Zariya. Bincike a Sakkwato ya same ta a wajen haihuwa ɗaya cikin ɗari, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya, Farfesa Kamilu Karaye na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ya jagoranci tattara bayanan masu ita a faɗin Najeriya. Duk waɗannan suna iya ɗaga tiroponin. Haka ma zazzaɓin da guba ta shiga jini, da gudan jini da ya toshe huhu, da matsanancin ƙarancin jini.

A yi tunanin mai jegon da ta zubar da jini da yawa, aka kawo ta tana haki, zuciyarta na gudu. Tiroponin ɗinta zai iya hawa, don tsokar ba ta samun isasshiyar iska, ba tare da wata jijiya ta toshe ba. Ƙarin jini take buƙata. In aka bi lamba kawai aka yi mata allurar tsinka jini, an ƙara mata wani bala'in. Ga mai haki da kumburin ƙafa, wani gwajin ne ya fi amfani, wato BNP, wanda ke hawa idan bangon zuciya ya miƙe saboda ruwa ya yi mata yawa, yana kuma taimaka wa likita ya bambance hakin zuciya da hakin huhu.

Akwai wani abin da ya shafi mutanen Sunke da maƙwabtansu kai tsaye. Masu ciwon ƙoda na dindindin sau da yawa tiroponin ɗinsu a sama yake zaune kullum, ba tare da sabuwar toshewa ba. Dalma kuwa maƙiyiyar ƙoda ce. Don haka mutanen da suka fi kusa da haɗarin su ne kuma waɗanda sakamako ɗaya zai fi wuyar fassarawa a kansu. A wurinsu ɗiba ta biyu da gwajin ƙoda wajibi ne.

Wani zai ce ai ciwon toshewar zuciya na Turawa ne da manyan masu kuɗi. An daɗe ana koyar da haka a makarantun likitanci na Afirka, kuma akwai lokacin da maganar ke da ƙamshin gaskiya. Amma Farfesa Simeon Isezuo na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ya jagoranci tattara bayanai daga asibitocin Najeriya tsakanin 2013 da 2018, aka rubuta majinyata 1,072, matsakaicin shekarunsu 59, biyu cikin uku maza. Kusan rabinsu suna da nau'in toshewar da ECG ke nunawa ƙarara. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu kuwa nau'in da sai da tiroponin ake tabbatar da shi. Waɗannan su ne suka isa manyan asibitoci. A ƙauye labarin yakan tsaya ne a "olsa ce". Dattijo ya ji zafi a ƙahon zuciya, da tashin zuciya, da gumi, a aika yaro kemis ya sayo farin maganin ruwa, da asuba a ce mutuwar fuju'a ce. Kwana ya ƙare, wannan haka yake, kuma mun yi imani da shi. Amma neman magani ma umarni ne, kuma ba a neman maganin ciwon da ba a san sunansa ba.

To me ya kamata a fara sayowa? A ganina ba injin tiroponin mai tsada ba ne na farko. ECG ce. Ƙa'idar duniya ita ce duk wanda ya iso asibiti da ciwon ƙirji a yi masa ita cikin minti 10. In ta nuna alamar toshewa gaba ɗaya, ba a jiran sakamakon jini ko kaɗan, domin kafin ya fito tsokar ta gama mutuwa. Allurar narkar da gudan jini tana aiki ne cikin sa'o'i 12, amfaninta mafi girma kuma a sa'o'i biyu ko uku na farko. Akwai na'urorin ECG masu aiki da batir, ma'aikacin jinya na iya koyon ɗaura wayoyinta cikin ɗan lokaci, takardar kuma ana iya ɗaukar hotonta a tura wa likitan zuciya a Gusau ko Sakkwato ta WhatsApp. Jihar Tamil Nadu a Indiya ta gwada tsari irin wannan, inda ƙananan asibitoci ke jingine da manya, ana karanta ECG daga nesa, ana fara magani a wurin da majinyaci ya fara sauka. Ba abin da zai hana a ɗaura manyan asibitocin Anka da Gummi da Bukkuyum da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da asibitin ƙwararru na Yariman Bakura da ke Gusau ta wannan hanya.

Bayan ECG sai tiroponin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin gwaje-gwajen da ba makawa sai da su tun fitowar jerin na farko a 2018. A nan dole a faɗi wahalar da ke ciki. Yawancin sinadaran gwajin firiji suke so, katin gwajin ma ba ya jure zafin da ya wuce digiri 30, bazarar Zamfara kuwa tana haura 40. Suna da wa'adin lalacewa, in ba a yi amfani da su ba kuɗi ya tafi a banza. Majinyaci ne ke biya daga aljihunsa, kuma an ce sau biyu za a yi. Iyalin da suka sayar da akuya suka biya na farko, da wuya a shawo kansu su biya na biyu bayan an ce musu na farkon bai nuna komai ba. Shi ya sa nake ganin a riƙa karɓar kuɗin ɗiba biyu a matsayin gwaji guda, ko gwamnati ta ɗauke nauyin ta biyun. Sai matsalar hanya. Kowa ya san halin da dajin Sunke da hanyoyin ƙasar Anka suke ciki saboda 'yan bindiga, akwai daren da ba mai fita ko da ciwo ya kai inda ya kai. Abin da wannan ke nufi shi ne mafi yawan masu zuwa daga ƙauye za su iso bayan sa'o'i da yawa, ko washegari. Lokacin allurar narkarwa ya wuce musu, amma lokacin tiroponin bai wuce ba, tunda yana kwanaki a jini, kuma a wannan matakin ko katin mai araha zai kama shi. Sanin cewa abin da ya faru shekaranjiya toshewar zuciya ce yana sauya rayuwar mutum. Za a ɗora shi kan asfirin, da maganin rage kitse, da na hawan jini, a hana shi taba, a kiyaye shi daga ta biyu, wadda sau da yawa ita ke kisa.

Wata tambaya da na san za ta taso a yankin ita ce, in dalma ce ke ɓata jijiya, me zai hana a ba manya maganin fitar da ita don kare zuciya? An gwada. Wani babban bincike a Amurka da Kanada da aka fitar da sakamakonsa a 2024 ya yi wa masu ciwon suga da suka taɓa samun toshewar zuciya ƙarin ruwan da ke janye dalma. Dalmar jininsu ta ragu sosai, amma yawan mutuwa da sabuwar toshewa bai ragu ba. Maganin yana da gurbinsa ga wanda gubar ta yi wa yawa, a hannun likita. Kada dai wani ya zo da sunan wanke jini ya karɓe kuɗin talakawa. Kariyar da aka tabbatar ita ce a raba aikin dutse da gida, a jiƙa shi lokacin niƙa don kada ƙura ta tashi, a wanke jiki a sauya tufafi kafin a shiga cikin iyali, sannan a riƙa auna hawan jini. Abin awon hawan jini ba ya buƙatar firiji, ba ya buƙatar allura, kuma shi ne zai fi kowane gwaji ceton rayuka a waɗannan ƙauyukan.

Kirana ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara, wadda aikin dalma ya koma hannunta, shi ne kada ta ɗauka an rufe littafin. Akwai sunayen dubban yaran da aka gwada da gidajen da suka fito. A bi waɗannan gidajen, a auna hawan jinin manya da ƙodarsu da sugansu ko sau ɗaya a shekara, a ci gaba da bibiyar yaran da yanzu suka zama samari da 'yammata, musamman matan da suka fara haihuwa. A tabbatar kowane babban asibiti a Anka da Gummi da Bukkuyum yana da ECG mai aiki, da wanda ya iya ta a kowane lokaci na dare da rana, da katin tiroponin a wuri mai sanyi, da rubutacciyar ƙa'ida manne a bango cewa ba a sallamar mai ciwon ƙirji da sakamako ɗaya. Masarautu da limamai, waɗanda da bakinsu aka shawo kan jama'a suka fitar da injinan niƙa daga cikin gari a 2010, su ne za su iya isar da wannan saƙon ma.

Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, in mahaifinka ko matarka ko kai kanka ka ji nauyi a tsakiyar ƙirji da ya wuce minti 15 bai lafa ba, yana miƙawa hannu ko muƙamuƙi ko baya, da gumi mai sanyi ko ƙarancin numfashi, kada a tsaya kemis. Tsofaffi da mata da masu ciwon suga wani lokaci haki da kasala kawai za su ji. A nufi asibiti, a faɗa wa ma'aikaci lokacin da ciwon ya fara, a gaya masa in an taɓa aikin zinare ko zama a gidan da ake yi, a nemi ECG tun kafin a ɗebi jini. In sakamakon farko ya fito aka ce babu komai, ku tambayi ƙarfe nawa za a sake ɗiba, kuma kada ku bar asibitin sai an yi.